Ku Tambayi Anti: tsoffin katunan gaisuwa, a zubar ko a mai da tsohuwa yarinya?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato katin gaisuwa na lokutan biki, na sallah ne ko Kirsimeti ko sabuwar shekara, kamar dai kowa rana ɗaya ya tashi kakkaɓe durowa. Na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ina da tambaya. Ni dai mutum ce mai son ba da kati in biki ya zo, ƙawayena da dangin mijina da malaman yarana duk sai na bi su, bara da na ƙirga kati 34 na saya kuma wlh sai da na ji a jikina, to shekaranjiya ina gyaran ɗaki na ci karo da wata leda cike da katunan da aka ba mu tun shekarun baya wasu ko lanƙwasa ba su yi ba kamar yau aka buga su, sai nace me zai hana in gyara su in sake bayarwa, amma duk akwai rubutu a ciki na rasa ta ina zan fara. Ya ake yi?

AMSA: Ƙanwata kin zo inda ya dace, dan ni rabona da sayen sabon kati an kwana biyu. Ɗauko guda ɗaya ki buɗe ki duba da kyau. Kati mai ninki abu biyu ne aka haɗa, akwai fuska inda zane ko hoton yake, akwai kuma shafin da aka yi miki rubutu. Kuɗin da kike biya kusan duk na fuskar ne, ita kuma ba ta tsufa, furen da aka zana shekara 10 da suka wuce har yau fure ne bai yi yaushi ba. Rubutun ciki kuwa ke aka yi wa, ba ya bin kati zuwa gidan wani. To aikin gaba ɗaya shine raba waɗannan biyun, kuma sa'ar da aka yi yawancin mutane a shafin dama suke rubutu, bayan fuskar sai ki tarar da shi fari tas.

Ki zazzage ledar a kan tebur ki ware su. Waɗanda bayan fuskarsu ba rubutu sune na gaban goshi. Waɗanda mai rubutun ya cika surutu har ya tsallaka shafin hagu suma ba a yar ba, tunda mannawa za a yi, rubutun zai ɓuya. Amma ki shafa fuskar da yatsa ki kuma ɗaga ta saitin haske, dan akwai masu danna biro kamar suna faɗa da takarda, sai ki ga sawun rubutun ya fito ta gaba, irin wannan ki haƙura da shi ko ki yanko inda bai taɓa ba. Sai kuma masu shekara a jiki, irin su barka da shiga 2019, da masu cewa zuwa ga mahaifiyata ko masoyina. Dan Allah ki kula da waɗannan, kar ki je ki miƙa wa malamin lissafin ɗanki kati mai zanen zuciya da kalmar masoyina a ƙasa ki jawo mana magana.

Wajen yanka kar ki yi da almakashi, komai iyawarki sai layin ya karkace. Ki samu rula, in ta ƙarfe ce ya fi, da sabuwar reza ko 'yar wuƙar yankan takarda, ki shimfiɗa tsohon kwali a ƙasa saboda tebur. Kuma ba a kan ninkin daidai zaki yanka ba, ki shigo ciki da kamar milimita 2 ko 3, saboda wurin ninkin ya riga ya karye, in kin bar shi zaki ga wani farin layi a gefe yana tona asiri. Ki bi layin sau biyu ko uku a hankali, ya fi ki danna sau ɗaya da ƙarfi rezar ta zame ta tafi da yatsa.

Yanzu sai gindin da zaki ɗora fuskar a kai. Takardar da ake sa wa firinta a ofis giram 80 ce, wato nauyin murabba'in mita ɗaya nata kenan, ba ta iya tsayuwa, in kin ɗora mata fuska mai nauyi kifewa zata yi. Ki nemi takardar kati mai kauri, daga giram 220 zuwa 300, girman A4. A4 faɗinta santimita 21 ne tsawo 29.7, in kin raba ta biyu kin samu A5 guda biyu, kowacce in kin ninka ta koma 10.5 da 14.8, kuma wannan girman shi aka yi wa ambulan ɗin da ake kira C6 mai 11.4 da 16.2, zai shige ba dannawa ba lanƙwasawa. Kinga kenan falle ɗaya kati biyu, katunanki 34 falle 17 ne kacal. Kafin ki ninka ki ɗora rula a tsakiya ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, ki ɗan danna, takarda mai kauri in aka ninka ta haka kawai fashewa take yi a baya. Fuskar kuma ki rage ta yadda zata bar kamar rabin santimita ta kowane gefe, wannan ɗan farin da ya zagaye ta shi ke sa a ɗauka da gangan aka tsara shi haka.

Gam shine inda mutane suka fi faɗuwa. Farin gam na ruwa in kin lafta shi takardar zata sha ruwan ta kumbura, in ta bushe ta yi tudu da kwari kamar an wanke ta. Ki yi amfani da gam ɗin nan na murzawa mai kama da jambaki, ko salatif mai manne gaba da baya, ki bi gefuna huɗu da ɗan tsakiya, ki manna, ki jera su ƙarƙashin manyan littattafai su kwana. Da safe zaki sha mamaki.

Gargaɗi ɗaya, kuma daga abin da ya same ni ne. Shekarar da na fara, zumuɗi ya ɗebe ni na je na kwaso ribon kala shida da almakashi mai yanka gefe kamar haƙori da 'yar na'urar huda takarda da duwatsun ado na roba, da na zauna na yi lissafi sai na ga abin da na kashe ya fi kuɗin sabbin katunan da nake gudu, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ko kaɗan, har yau ribon ɗin nan na nan a gwangwani yana harara ta. Takardar kati, gam, reza, ambulan. In kin wuce nan kin fita daga tattali kin shiga sha'awa, ba laifi bane amma ki san sunan abin da kike yi.

TAMBAYA: Anti ni fa ban yarda da wannan abin ba. Matata ce ta fara, na dawo na tarar ta baje tsoffin katuna tana yankawa wai zata ba mutane, nace mata wannan rowa ce kuma raini ne ka ba mutum abin da wani ya ba ka, in ba ki da kuɗin kati ki bari mana, tace in tambaye ki. To gani.

AMSA: Malam sannu da zuwa, kuma na gode da ka kawo ƙarar da kanka. Ba zan ce maka ba ka da gaskiya kwata-kwata ba, dan akwai irin wanda kake tsoro kuma na taɓa karɓarsa. An taɓa ba ni kati an shafe sunan mai shi na farko da Tipp-Ex an rubuta nawa a kai, ina ɗagawa sama na karanta sunan matar tsaf har da gaisuwar da aka yi wa yaranta. Wannan kam raini ne, dan an nuna min ko minti biyar ban kai a ɓata a kaina ba. Amma wadda ta zauna ta zaɓi hoto ta yanka ta manna ta rubuta wa mutum magana da hannunta, in lissafin daraja ake yi ta fi wanda ya tsaya a kanti ya zari guda 30 iri ɗaya ya sa hannu a ƙasa kamar mai sa hannu a rasit.

Bari ma in ba ka labarin asalin abin, wataƙila ka sassauta. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa a Landan aka yi shi a 1843, wani ma'aikacin gwamnati Henry Cole ne ya sa abokinsa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa. Kafin nan da shekara uku, a 1840, an karya kuɗin aika wasiƙa a Ingila ya koma kwabo ɗaya, wasiƙun gaisuwa suka yi wa mutumin yawa, rashin amsawa kuma abin kunya ne, shine ya nemi hanyar da zai amsa wa kowa ba tare da ya kwana yana rubutu ba. Aka buga guda 1,000, falle ɗaya ne ba ninki, da gurbin sunan wanda za a ba a sama da na mai bayarwa a ƙasa, abin da ya rage aka sayar sule ɗaya ɗaya. Kaga tun ranar farko kati dabarar rage wahala ce, ba wani abu bane da aka saukar daga sama da sharaɗin sai sabo fil. Cole lokaci ya tattala, madam kuɗi take tattalawa, kuma kuɗin naka ne fa.

Abin da zan ja mata kunne a kai shine abin da ya taɓa kunyata ni. Wata shekara na gyara wani kati mai zanen fitilu, ya yi kyau har na ji kamar in riƙe, na ba wata aminiyata, ta buɗe ta yi shiru ta juya shi ta sake juyawa sannan ta fashe da dariya tace ai ni na ba ki wannan shekara biyu da suka wuce, har ta tuna inda ta saya. Allah ya so ni mai wasa ce, yanzu ma ya zama abin tsokana tsakaninmu, duk shekara sai ta tambaya ko fitilunta sun kusa dawowa gida. Amma da surukata ce fa? Tun daga nan kafin in raba fuska da jikinta sai na rubuta sunan wanda ya ba ni da fensir a baya, kuma kati ba ya komawa ɓangaren da ya fito, na dangi ya tafi wajen abokan aiki, na abokan aiki ya tafi maƙwabta. Kuma in an tambaye ta kar ta yi ɓoye-ɓoye, tace ni na haɗa da hannuna, shikenan, ɓoyewar ce ke sa abu ya zama abin kunya.

TAMBAYA: Anti duk wannan wahalar ta mece ce, ba ga WhatsApp ba kyauta?

AMSA: Ɗana ga shi nan kuwa, ka tura abinka. Ni dai hoton barka da biki da aka turo min an kuma tura wa mutum 200 ban taɓa komawa na sake kallonsa ba, da waya ta cika shi nake fara gogewa. Mutum biyar ko shida da suka fi maka kowa ka ba su takarda, sauran ka bi su da waya.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni nawa ta gidan waya nake aikawa dan 'yan uwana sun watsu a ƙasashe, kuma kan sarki da ambulan sun fi cin kuɗi a kan katin ma. Wata tace min wai zan iya aika fuskar katin haka tsirara ba ambulan, da gaske ne? Sannan akwai tsoffin ambulan da hatimi bai taɓa kan sarkinsu sosai ba, in na ɓanɓare na sake mannawa akwai matsala?

AMSA: 'Yar uwa ta farkon gaskiya ta faɗa miki. Fuskar da bayanta ke fari tas katin gidan waya ce da kanta, ki ja layi a tsakiyar bayan daga sama zuwa ƙasa, dama adireshi da kan sarki a kusurwar sama, hagu saƙonki. Ba sabon abu bane, tun 1 ga Oktoba 1869 gidan wayar daular Ostiriya da Hangari ya fara fitar da irinsa, kati mai ninki a cikin ambulan ma daga baya ya yi ƙarfi, kamfanin 'yan uwan Hall na Kansas City a Amurka, wanda ya zama Hallmark, wajen 1915 ya rungume shi saboda mutane na son wurin rubutu da ya fi na katin gidan waya. Sai dai ki kula da girma, ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, ita ce kar ya gaza santimita 9 da 14, in ya fi haka ƙanƙanta yana iya maƙalewa a injin tantance wasiƙu ko a ƙi karɓa. Ki zaɓi mai kauri, marar ƙyalƙyali, marar wani abu da aka liƙa a kai da zai iya fizgewa. A ƙasashe da dama kuɗin aika shi bai kai na wasiƙa ba, a wasu kuma ɗaya ne, ki tambaya a kanta kafin ki sayi kan sarki. Kuma ki tuna duk hannun da ya bi zai iya karantawa, gaisuwa kawai, ba wurin ba da labarin rikicin gado bane.

In kuma ambulan kike so, ki samu tsoho guda ɗaya ki ɓare shi a hankali ta inda aka manna ki shimfiɗe, ya zama ma'auninki, ki ɗora a kan shafin tsohuwar kalanda ki zagaye da fensir ki yanka ki ninka. Hoton ya koma ciki farin ya kasance waje dan adireshi ya fito sosai.

Ta biyun kuwa a'a, kar ki soma. Kan sarki kuɗin tafiya ɗaya ne, ko hatimi ya same shi ko ya kuskure, sake amfani da shi laifi ne a dokokin gidan waya, kuma mafi sauƙin abin da zai faru shine a caji wanda kika aika wa, kinga gaisuwa ta koma bashi. Wannan wayon ma ya tsufa. Kan sarki na farko a duniya, Penny Black na 1840, baƙi ne ana buga masa jan hatimi, mutane suka gano jan yana wankuwa suka dinga sake mannawa, shekara ɗaya kacal a 1841 hukuma ta canza shi zuwa ja ta koma buga baƙin hatimi mai wuyar fita. Tun lokacin suke gaba da mu.

TAMBAYA: Anti ni malama ce a ajin ƙananan yara, ina so in sa iyaye su kawo tsoffin katuna mu yi aikin hannu da su kafin hutu kowane yaro ya kai wa iyayensa. Akwai abin da ya kamata in kiyaye?

AMSA: Malama Allah ya saka, dabara ce mai kyau. Abu na farko kuma wanda ya fi komai, duk katin da in an buɗe yake waƙa ko yake kunna 'yar fitila ki ware shi tun a bakin ƙofa kar ya shiga aji. A cikinsa akwai ɗan batir mai kama da maɓalli, a bayan 'yar takarda kawai yake, yaro na yagawa zai faɗo, kuma in ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2, ba wai shaƙewa kawai ba, wutar batirin ce ke haɗuwa da yawu ta zama sinadari mai cin nama. In har aka yi zargin yaro ya haɗiya asibiti kai tsaye, ba jira a ga alama, ba sa shi amai. Ko batirin da kike ganin ya mutu bai mutu da wannan ba.

Sai masu ƙyalƙyali. Wannan garin mai walƙiya roba ce aka shafa mata alminiyam aka niƙa, yana shiga ido, yana bin ruwan wanke hannu ya tafi, shi yasa Tarayyar Turai ta hana sayar da na roba da ake zubawa a gwangwani tun Oktoba 2023. Masu sake sarrafa takarda ma ba sa son katin da ke da shi ko mai ado na ƙarfe-ƙarfe, dan haka irin waɗannan sake amfani da su a matsayin kati shine kusan kawai mafitarsu, amma ke babba ki yi, ba yara ba.

Reza kuma a hannunki zata tsaya, ki yanke fuskokin a gida ki kawo musu, su nasu almakashi mai dakusasshen baki da gam na murzawa. Kuma ki karanta cikin kowane kati kafin ki ajiye, iyaye na kwaso leda ne ba sa dubawa, kar wasiƙar da baban wani ya yi wa mamansa suna saurayi da budurwa ta faɗa hannun ɗan aji uku mai iya karatu da ƙarfi.

Guntayen da suka rage kar ki share, a yanka su ƙanana a huda a zura zare sun zama 'yar takardar suna da ake ratayawa a jikin kyauta, dogayen kuma alamar shafi ta littafi. Shawarata dai ki bar wa kowane yaro shafin ciki ya yi nasa zanen ko da kuwa mutum ne mai kai kamar kwando. Katin gaisuwa na farko na UNICEF a 1949 zanen wata yarinya ce 'yar shekara 7 daga ƙasar Chekoslobakiya, Jitka Samkova, ta yi shi ne don godiya kan taimakon da aka kai ƙauyensu bayan yaƙin duniya na biyu. Ki ba su wannan labarin kafin su fara, zaki ga yadda za su dage.

TAMBAYA: Anti nawa sun yi kyau har ƙawaye na cewa in fara sayarwa. In shiga?

AMSA: Ƙanwata a hankali dai. Takardar taki ce amma zanen da ke kai na mai zanen ne ko kamfanin da ya buga, ki ba ƙawarki kyauta ba wanda zai ce miki komai, amma da kuɗi ya shigo maganar haƙƙin mallaka ta shigo, musamman in akwai tambarin kamfani ko 'yan katun na talabijin da aka sani. Akwai wani gidan kula da yara a jihar Nevada ta Amurka, St. Jude's Ranch for Children, da suka shafe shekaru suna karɓar fuskokin tsoffin katuna daga jama'a yara na mayar da su sabbi ana sayarwa, amma ko su sun ce kar a aiko musu da na Hallmark da Disney da American Greetings saboda wannan dalilin. Fotokwafin fuska ɗaya ki buga 50 kuwa wannan ba gyara bane, kwafi ne, ki bar shi. In sana'a kike so ki yanko abubuwan da ba na kowa ba, launi da zanen gefe da takarda mai kyau, ki tsara naki.

TAMBAYA: Anti mahaifiyata ta rasu shekara uku kenan. Duk biki sai ta ba ni kati tun ina makarantar kwana, na ƙirga guda 19 ne a wajena. Na ga kina ta maganar gyara tsoffin katuna, yayata tace in yanke fuskokin in raba wa jikokinta su samu abin tunawa, ni kuma duk lokacin da na ɗauki almakashi sai hannuna ya ƙi. Ko son kai ne yake damuna?

AMSA: Allah ya jiƙanta ya yi mata rahama, ya ba ku haƙuri. 'Yata ki mayar da almakashin nan inda kika ɗauko, ba son kai bane. Duk abin da na faɗa a sama a kan katunan da aka sa wa hannu aka wuce ne, na banki da na wurin aiki da na mutanen da in kin ga sunan sai kin yi tunani kafin ki tuna fuskarsu. Na Mama ba ya cikin wannan lissafin. Kuma da kin bi shawarar Yaya, jikokin fure da tsuntsu za su samu wanda wani kamfani ya buga dubbai, abin da yake na kakarsu, yadda take lanƙwasa harafin farko na sunanki da inda biro ya tsaya mata ta sake bi, shi zai rage a gefe ba fuska. Cikin katunan nan 1,000 na Henry Cole da na ambata ɗazu kaɗan ne suka rage a duniya, wanda ya aika wa kakarsa da sa hannunsa an yi gwanjonsa a 2001 a kan wajen fam 20,000, alhali sule ɗaya aka sayar da 'yan uwansa.

In kina son jikoki su samu, ki ba kowanne kati guda cikakke in ya yi hankalin riƙewa, ko ki ɗauki hoton gaba da ciki da waya a wurin da ke da haske ba tare da filashi ba ki tura wa duk dangi, a buga wa mai so.

Ajiyar kuma ki gyara ta yau. In da robar ɗaure kuɗi kika ɗaure su ki cire, tana narkewa ta manne ta bar layi mai ruwan ƙasa. Ƙarfen maƙale takarda yana tsatsa. Salatif kar ya kusance su ko da wani ya yage, bayan 'yan shekaru gam ɗinsa ke ratsa takarda ya bar tabo rawaya da ba ya fita. Kuma dan Allah kar wani ya ba ki shawarar a kai a yi musu laminatin, zafi ne da gam, in an yi an yi kenan ba a warwarewa. Rana da damshi sune manyan abokan gaba, rana na kashe tawada ta sa takarda ta yi rawaya, damshi na kawo fumfuna da ƙwari, dan haka kwali mai murfi, farar takarda tsakanin kowane kati da ɗan uwansa, a saman kabad na cikin ɗaki nesa da bangon da ke tsattsafo. Ki samu wata takarda daban ki rubuta da fensir shekarar da kike tuna ta ba ki kowanne da inda kike a lokacin, tun kina iya tunawa.

Ni na babana guda huɗu ne kawai suka tsira, ɗaya ma ruwa ya taɓa shi rabin gaisuwar ta wanke, saura "Allah ya yi miki" sai tabo shuɗi. Ki gaida Yaya, ki ce Anti tace a bar su yadda suke.